Sawun da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Ana saura mako guda a buɗe farautar gwanki aka fasa shagon bindigogin Torgny. Ranar Lahadi ce da rana tsaka, lokacin da duk mai bindiga a ƙauyen Lomsele yake can filin gwaji yana ɓarin wuta a kan gwankin katako. Da Torgny ya dawo da yamma sai ya tarar an ɓalle ƙofar baya, ɗakin ajiya a buɗe, bindigogi takwas ƙirar Korvala sun yi ƙafa.

Kafin ɗan sanda ya iso daga birni gari ya riga ya yanke hukunci. Sixten ne.

Ba wai an ƙi jininsa ba ne. Shi da Ebbe, mahaifin Torgny, su suka buɗe wannan shagon tun suna samari, a gaban gidan Ebbe. Daga baya suka raba jari lafiya lau, Sixten ya haye ƙetaren kogi ya buɗe nasa, kowa yana sayar da Korvala yana cin abinci. Sai bara wani kamfani a Stockholm ya ƙulla yarjejeniya da maƙeran bindigar, cewa shi kaɗai zai riƙa shigo da ita ƙasar, kuma dila ɗaya tak zai ba a kowane yanki. Torgny, wanda ya gaji shagon ubansa, shi ya samu. Kuɗin bindiga ya yi tashin gwauron zabo.

Sixten bai zauna ba. Ya nemi takardun izini, ya riƙa tuƙa tsohuwar motarsa zuwa Finland yana sayo biyu ko uku daga wani shago, ya kawo ya sayar da rangwame. Mutane su gaisa da Torgny da safe, da yamma su haye gada su saya wurin Sixten. Ana nan sai ga ƙyallen talla a gaban shagon Torgny: daga Litinin, Korvala a rabin kuɗi. Bindigogin da aka sace su ne na rabin kuɗin.

Kuma a duk gari Sixten ne kaɗai aka lura bai je filin gwaji ba.

*

Da safiyar Litinin ɗan sandan, Valter, ya kira Majken. Ita ake kira idan mota ta buge gwanki ko maharbi ya ji wa dabba ciwo ta shige daji. Sai ta zo da karyarta Riska ta bi sawu har inda dabbar ta kwanta. Ba ta da yawan magana. A taron mafarauta can baya take zama, kusa da ƙofa.

"Riska jini take bi, ba mutum ba," ta ce da shi.

"Ai ba Riska na kira ba. Zo ki duba min ƙasa kafin ruwa ya sake sauka." Ya rage murya. "Kin ga, oga yana so in karɓe lasisin Sixten gobe, har a gama bincike. In aka rufe masa shago a makon nan, ya tashi kenan. Abincin shekararsa a makon nan yake."

An yi ruwa ranar Asabar, bayan shagon duk taɓo. Majken ta tsuguna. Sawun takalmin roba ne, ya taho daga bakin kogi ya koma, ya sake tahowa ya koma. Na komawa sun fi nutsewa, alamar kaya a kafaɗa. Mai takalmin ba ya sauri, kuma a hanya ya tsaya ya huta.

"Irin takalmin Sixten ne," in ji Torgny, wanda ke tsaye a kanta ido jajir.

"Irin naka ne kuma," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Rabin gari shi suke sawa."

"Ƙararrawar fa? Ba ta yi kuka ba. Lambar sirrin tun zamaninsu ce shi da Baba, ban canza ba. Wa ya santa in ba shi ba?"

Ƙofar baya tana buɗewa ne cikin tsohon kicin na gidan. Tun da shago ya cinye ɗakuna Ebbe ya koma wani ɗan gida a bakin kogi, kicin ɗin ya zama wurin shan gahawar Torgny. Amma doguwar shimfiɗar tsumma da marigayiya Gunvor, matar Ebbe, ta saƙa da hannunta tana nan daga bakin ƙofa har ɗakin ajiya. Majken ta leƙa daga waje. Akwai taɓo a kanta, amma na takalmin fatan Torgny ne da na Valter.

A kan dandamalin katako, gefen hagu, ta ga sawu biyu a jere, dab da juna, baki yana kallon waje. Ta daɗe tana kallonsu. Kamar mutum ya tsaya ya juya wa ƙofa baya yana duban hanya.

"Gadi ya tsaya yi, yana duba ko wani na zuwa," in ji Valter.

Ta ce, "Wataƙila."

Ebbe yana zaune a benci a gefen shago da gorar gahawa. Shi ya fara shiga da ita daji tana yarinya, shi ya nuna mata yadda ciyawa ke kwanciya idan dabba ta ratsa. Riska ta je ta ɗora masa kai a gwiwa.

"'Yar daji, kin sha gahawa kuwa?"

"Tukuna, Baba Ebbe."

"To ba a bin sawu da cikin wofi." Ya zuba mata. Kaɗan ta zube a wandonsa. Ta ɗauka tsufa ne.

Sawun ya ƙare a mashigar kogi, inda kwalekwalen gari suke ɗaure, kowa na ɗauka. Daga nan ana hango rufin shagon Sixten.

*

A gidan mai, inda ake sayar da gahawa da burodin kirfa, kowa ya zama alƙali.

"Da kunnena na ji shi," in ji Solveig mai wurin. "Ya tsaya gaban ƙyallen nan ya ce, 'Mu gani in za a sayar.' Haka ya ce."

"Kai, ni wasu 'yan Norway na gani da mota mai tirela," in ji wani direban katako. "Fuskarsu ba ta yi min ba."

"Kai fuskar wa ta taɓa yi maka? Ko ta matarka."

Aka yi dariya. Valter bai yi ba, ya shiga buga waya. Kafin gahawarsa ta huce aka gano 'yan Norway ɗin: mata da miji ne masu kamun kifi, tun safiyar Lahadi suka ƙetare iyaka, babu komai a tirelarsu sai firji.

"Ni dai ban so a ce Sixten ba ne," in ji Solveig tana goge teburin sayarwa. "Bindigar ɗana wurinsa muka saya. Da a wurin Torgny ne sai mun sayar da saniya."

"Amma jiya kin ce za ki kama layin rabin kuɗi," in ji direban.

"To laifi ne? Araha ai ba ta da dangi."

*

Suka haye gada. Sixten yana bayan teburin shagonsa yana goge wata tsohuwar bindiga, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kun zo kama ɓarawo? Ku shigo. Majken, ɗaure karyar nan, kada ta sace min wani abu a ce ni ne."

"Ina kake jiya da rana?" Valter ya tambaya.

"A nan. Ina ƙirga ƙudaje."

"Me ya hana ka zuwa filin gwaji?"

"In je in ga mutanen da na yi wa gyara kyauta shekara da shekaru suna kawar da kai? Duk sun soke abin da suka ce in sayo musu, suna jiran rabin kuɗin Torgny." Ya ajiye tsumman. "Bari in gaya maka, yaro. Rabin kuɗin nan ba Torgny ne zai yi asararsa ba, kamfani ne ya ɗauke masa. So suke in rufe. Ranar da na rufe, ka koma ka tambayi kuɗin Korvala ka ji."

"Ka ce, 'Mu gani in za a sayar.'"

"Na faɗa. Na kuma taɓa cewa zan auri sarauniya."

Ya ce su shiga ciki su sha gahawa, don ko maƙiyi ba a hana shi gahawa. A bakin ƙofar ɗaki Majken da Valter suka tuɓe takalma kamar yadda kowa ke yi. Sixten ya wuce da nasa, ƙwas ƙwas, a kan jaridun da aka shimfiɗa daga ƙofa har kujera.

"Kada ku ga rashin tarbiyya," ya ce. "Tun da aka yi min aikin ƙugu ba na iya sunkuyawa. Ƙanwata ke zuwa da safe ta ɗaura min, da yamma ta dawo ta kwance. Tsakanin nan ni da takalmi mutu ka raba."

Majken ta dubi ƙafarsa. Takalmin roba ne, amma mai igiya har ƙwauri, an ɗaure shi tam. Ta dubi jaridun, duk shatin taɓo. Ta dubi nata takalmin da ta bari a bakin ƙofa.

Ta ajiye kofin ba ta shanye ba.

*

Ta koma bayan shagon Torgny ita kaɗai. Ta tsaya a kan dandamali, ta duba jikin katakon ƙofa daidai kafaɗa. Fentin wurin ya goge ya yi santsi, irin gogewar da hannu ɗaya ke yi a wuri ɗaya shekara da shekaru. A kan santsin akwai sabon shatin yatsu na taɓo.

Ta zauna a matakala, Riska ta kwanta a ƙafarta. Sau da yawa Majken ta bi sawu ta iske dabba kwance tana kallonta, kuma ta san abin da ya rage. Ba ta taɓa sabawa ba.

Valter ya same ta a nan.

"Kin ga wani abu."

"Ka tara su gobe da safe a zauren mafarauta. Kafin ka karɓi lasisin."

"Ki faɗa min mana."

"Ina so in gani da idona tukuna. Wataƙila na yi kuskure." Ta ja kunnen Riska a hankali. "Ina fata na yi."

*

Zauren mafarauta ɗaki ne na katako mai dogon tebur, da ƙahonin gwanki a bango. Ba a shiga da takalmi. Majken ta riga kowa zuwa ta zauna a wurinta na kullum, kusa da ƙofa.

Solveig ta zo ta watsar da takalmanta, ɗaya nan ɗaya can. Direban katako ya tuɓe ya tura ƙarƙashin benci da ƙafa. Torgny ya shigo yana waya da mutanen kamfani, sai da aka yi masa magana ya koma ya cire. Sixten ya tsaya daga waje ya ce a miƙo masa kujera, a nan zai zauna.

Ebbe ne ya zo ƙarshe. Ya dafa katakon ƙofa da hannun hagu. Ya taka dunduniyar takalmi ɗaya da ɗayan ya zare ƙafa, ya sake. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya haɗa su, ya juya bakinsu waje, ya jera a gefen hagu.

Majken ta sunkuyar da kai.

Valter ya ce, "Majken tana da magana."

Ta miƙe. Duk ido ya dawo kanta, ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Tebur ta kalla.

"Wanda ya shiga ya zo ta cikin taɓo. Sau biyu. Amma babu taɓonsa a kicin, ko ɗigo."

"Ya goge mana," in ji direban.

"Ba a goge shimfiɗar tsumma. Sai an wanke." Majken ta ci gaba. "Akwai sawu biyu a dandamali suna kallon waje. Mun ɗauka tsayawa ya yi yana gadi. Amma babu nauyin mutum a kansu. Takalma ne kawai, babu kowa a ciki. Ya tuɓe ya ajiye, ya shiga da safa."

"Ɓarawo ya tuɓe takalmi?" in ji Solveig. "Wannan uwarsa ta yi tarbiyya."

Wasu suka yi dariya. Torgny bai yi ba.

"Sixten ba ya iya tuɓe nasa," Majken ta ce. "Kowa ya je gidansa ya gani. Kuma shagon kanti ne, ba wanda ke tuɓe takalmi a kanti. Sai wanda a wurinsa har yanzu gida ne."

Ba ta ambaci suna ba. Ba ta kalli kowa ba. Amma ɗaya bayan ɗaya mutane suka juya suka dubi bakin ƙofa, inda takalma biyu ke jere suna kallon waje.

Ebbe ya juya kofinsa a kan faranti.

"Shekara arba'in Gunvor tana hana ni taka mata shimfiɗa da takalmi," ya ce a hankali. "Na ɓalle ƙofar ɗana da ƙarfe, ban ji komai ba. Da na ga shimfiɗar sai ƙafata ta ƙi." Ya ɗan murmusa. "Hali zanen dutse. Ni na koya miki kallon ƙasa, 'yar daji, ga shi kin kalle ni."

"Baba," in ji Torgny. "Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba. Ina zaune a benci ranar da mutumin kamfani ya zo, taga a buɗe. Na ji ya ce, 'Mako ɗaya ya isa, shagon tsohon can na ƙetaren kogi ba zai kai hunturu ba.' Na ji ka yi shiru."

"Me zan ce? In na ƙi, su ba wani shago a birni. Ina da yara, Baba. Sai mu rufe mu duka biyun, wa ya ci riba?"

"Na sani. Shi ya sa ban yi maka faɗa ba." Ebbe ya dubi Valter. "Bindigogin suna rumbun ciyawa na tsibirin da ke tsakiyar kogi, a naɗe cikin bargo. Na shafa musu mai. Na ce in an buɗe farauta, kowa ya riga ya sayi abin da zai saya, sai in mayar. Ban kawo a raina za a ce Sixten ba ne."

"Da aka ce ni ne fa?" Sixten ya tambaya daga bakin ƙofa. "Jiya ai kana da baki."

Ebbe ya ture kofinsa gefe.

"Tsoro na ji," ya ce. "Na san za su karɓe bindigata. Likita ya ce idona ba zai kai baɗi ba, wannan ce farautata ta ƙarshe. Na ce bari in ga Litinin ɗin buɗe farauta tukuna. Ban kyauta ba."

Sixten ya jawo gwangwanin tabarsa, ya buɗe, ya rufe bai ɗiba ba.

"Tsohon banza," ya ce. "Wa ya aike ka? Ka tashi cetona ka kusa kai ni kurkuku. Tun muna samari haka kake, in ka ce za ka tura mota sai ta faɗa rami."

Ba wanda ya yi dariya, amma mutane suka saki numfashi.

*

Valter ya mayar da takardar karɓe lasisin Sixten cikin jaka. Ta karɓe lasisin Ebbe ce ba yadda zai yi da ita. A ranar ya kwashe bindigogin Ebbe biyu, har da tsohuwar Korvala da suka fara sayarwa shi da Sixten. Maganar kotu kuma tana gaba.

Bindigogi takwas ɗin suka tafi birni a matsayin shaida. Torgny ya sauke ƙyallen da kansa, tunda babu abin sayarwa. Masu jiran araha suka jira kwana biyu, sannan suka fara hayewa gada suna sosa ƙeya. Ko kamfani zai sake aiko wasu baɗi, ba wanda ya sani. Solveig ta ce za su aiko, direban katako ya ce sun ji kunya, Solveig ta ce kamfani ba shi da fuska balle kunya.

Majken ta ƙi bi ta bakin kogi duk makon. Ta san ta yi daidai, amma sanin bai sa ta ji daɗin abinci ba.

Ranar Litinin da aka buɗe farauta ba a kira ta ba har hantsi, don haka ta ɗauki burodi ta nufi gidan Ebbe. Daga nesa ana jin harbi jefi-jefi a daji. Tana isa ta ga motar Sixten a ƙofa. Ta tsaya a bayan itacen wuta da aka jera.

Ƙofa a buɗe take. Torgny ya naɗo shimfiɗar Gunvor ya kawo wa ubansa, tana malale daga bakin ƙofa zuwa murhu. Sixten yana tsaye a dandamali da ledar burodin kirfa a hannu.

"Ba ka tafi daji ba?" in ji Ebbe daga ciki.

"Da wannan ƙugun? Gwanki ne zai harbe ni. Ka ɗora ruwa."

"To shigo mana."

Sixten ya dubi shimfiɗar, ya dubi ƙafarsa.

"In shigo yaya? So kake Gunvor ta biyo ni cikin barci? Zo ka kwance min abin nan, ɓarawo."

Ebbe ya fito. Ya dafa katakon ƙofa, ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya fara kwance igiyar. Yatsunsa suna ta kuskure ƙullin, Sixten yana ta mita a kansa. Da ya gama ya haɗa takalman, ya juya bakinsu waje, ya jera su kusa da nasa.

Riska ce ta tona ta, ta ruga tana kaɗa jela. Ebbe ya ɗago daga durƙuson, ya ƙanƙance ido har ya gane ta.

"'Yar daji, kin sha gahawa kuwa?"

"Tukuna, Baba Ebbe."

"To me kike jira? Tuɓe ki shigo. Amma fara ɗaga ni tukuna, wannan gurgun ba zai iya ba."